Kakar 1992-1993 a Faransa: gasar da ba ta da zakara

Duk wanda ya buɗe jerin zakarun rukuni na ɗaya na ƙwallon ƙafar Faransa zai tarar da sunan Olympique de Marseille sau huɗu a jere, daga 1989 zuwa 1992. A layin 1993 kuwa babu sunan kowa, sai kalmomi biyu na faransanci, « non attribué », wato ba a bai wa kowa ba. A cikin wannan ƙasida muna son mu bi diddigin yadda aka yi layin ya zama wayam, alhali an buga dukan wasannin kakar, an kuma san wanda ya zo na farko.

A filin wasa dai babu gardama. Ƙungiyoyi 20 suka kara, Marseille ta ƙare a sama, Paris Saint-Germain na bi mata, sai Monaco. Alen Boksic, ɗan Kuroshiya, shi ya fi kowa zura ƙwallo, da 23. Ranar 26 ga Mayu 1993, a birnin Munik, Marseille ta doke AC Milan da ci ɗaya da nema, ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki babban kofin Turai. Abedi Pele na Gana ya bugo kwana, Basile Boli, haifaffen Abijan, ya sa kai. Mu da muka saurari wasan a rediyo mun ɗauki nasarar kamar tamu ce, saboda waɗannan mutane biyu.

Amma kwana shida kafin Munik, ranar 20 ga Mayu, Marseille ta je Valenciennes, ƙungiyar da ke fafutukar kada ta faɗa rukuni na biyu. A daren jajibirin wasan, ɗan wasan Marseille Jean-Jacques Eydelie, tare da babban daraktan ƙungiyar Jean-Pierre Bernès, suka kira ƴan wasan Valenciennes uku ta tarho: Christophe Robert, da Jorge Burruchaga, da Jacques Glassmann. Abin da aka nema gare su shi ne su sassauta, don Marseille ta samu makinta ba tare da wani ya ji ciwo ba kafin karawa da Milan. Biyu suka amince, Glassmann ya ƙi, ya kuma sanar da kocinsa. Marseille ta ci ɗaya da nema. A watan Yuni, masu bincike suka tono faran 250.000 da aka binne a lambun wata ƴar uwar Robert. A canjin lokacin, kafin karyewar darajar sefa ta Janairu 1994, faran ɗaya sefa 50 ne, ke nan miliyan 12 da rabi.

A nan masanin harshe ba zai iya wucewa bai tsaya ba. Furucin da ya yi ta yawo a jaridun Faransa shi ne « lever le pied ». In aka bi shi kalma da kalma sai a faɗa kan namu « ɗaga ƙafa », kuma ma'anonin ba su yi nisa da juna ba. Sai dai a Hausa mai ƙarfi ne ke ɗaga wa mai rauni ƙafa, kamar mai bin bashi da ya ƙara wa mutum kwanaki, kuma ana yaba masa. A Valenciennes mai rauni aka biya don ya ɗaga wa mai ƙarfi. Haka ma « toshiyar baki » ba ta zauna daidai ba, tun da ƙafafu aka saya, bakin kuma bai tosu ba. Ɗaliban fassara su lura da wannan.

Hukunci ya zo daki-daki. A farkon Satumba 1993 hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta hana Marseille kare kofinta, amma ba ta karɓe shi ba, don ba wasan Munik ake tuhuma ba. A cikin watan nan kuma hukumar ƙwallon Faransa ta tuɓe mata sarautar gida. Bisa al'ada, na biyu ya kamata ya gada. Paris Saint-Germain ta ƙi karɓa. Mai ƙungiyar a lokacin gidan talabijin na Canal+ ne, wanda ke da ɗimbin masu biyan kuɗin kallo a kudancin ƙasar, kuma bai so ya ɓata da su ba. Monaco, ta uku, ita ta tafi gasar Turai, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A ganinmu, wannan ƙin karɓar ya fi hukuncin hukuma bayyana layin da ya zama wayam: lissafin kasuwa ne ya bar kujerar babu kowa.

A 1994 aka mayar da Marseille rukuni na biyu, ba ta sake zama zakara ba sai 2010. Shugabanta Bernard Tapie, tsohon ministan birane a mulkin François Mitterrand, ya gurfana gaban kotun Valenciennes a 1995, inda mai gabatar da ƙara Éric de Montgolfier ya ja shari'ar. Bayan ɗaukaka ƙara aka tsayar masa da wata takwas a kurkuku, ya shiga a 1997.

Valenciennes ma ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar. Glassmann kuwa, wanda bai karɓi ko dala ba, ya sha ihu a filayen wasa da dama, ana kiransa maci amana. Bai sake buga wasa a rukuni na ɗaya ba, ya ƙarasa a tsibirin Réunion. FIFA ta ba shi lambar yabo ta wasa mai tsabta a 1995.