Aminu Saira: Daraktan da ya koma kan shiri mai dogon zango

An haifi Malam Aminu Saira a birnin Kano a shekarar 1979, kuma ya taso ne a unguwar Gwammaja, inda ya yi karatun Alƙur'ani da na zamani.

Sunansa ya fito a harkar finafinan Hausa da Jamila da Jamilu a 2009, sannan Ga Duhu Ga Haske a 2010, wanda ya taɓo batun zamantakewar Musulmi da Kirista, batun da ba kowane darakta ke son kusantarsa ba.

Daga bisani ya shirya As-habul Kahfi.

Sai dai a shekarun da suka biyo baya kasuwar faifan bidiyo ta durƙushe, sakamakon satar fasaha da kuma finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, lamarin da ya raba jama'a da dama da sana'arsu.

A 2020 ya fara fitar da Labarina a tashar Arewa24 da kuma YouTube, inda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayin Sumayya.

Shirin ya nuna cewa talla da yawan masu kallo a intanet za su iya maye gurbin cinikin faifai, kuma masu shirya finafinai da yawa sun bi sahu.

A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina, bisa zargin sakinsu ba tare da an tace su ba.