Agogon Inuwa a Ƙasar Gobir

Mai karatu, kafin agogon Bature ya shigo kasuwar Isa, da me ladan ke gane Azahar ta yi? Da inuwarsa. Zai tsaya a fili, ya ba rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, sannan ya auna da taku, diddige na bin yatsa. Malamai sun ƙiyasta tsawon mutum a kan ƙafa bakwai da ƙafarsa.

Tushen abin yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. Idan inuwa ta gama raguwa ta soma ƙaruwa, rana ta yi zawali, Azahar ta shiga. Idan ta ƙaru da tsawon mai ita a kan wadda ta saura da tsakar rana, La'asar ke nan.

To, a nan gizo ke saƙar, domin inuwar tsakar rana ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Dimashƙa, inda Ibn Shaɗir ya ƙera agogon rana na marmara a masallacin Banu Umayya wajen 1371, ba ta taɓa ɓacewa. Amma a Sabon Birni takan shige ƙarƙashin ƙafa sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. A tsakaninsu kudu take faɗawa, alhali da sanyin Disamba takan miƙe arewa har ƙafa biyar da ɗoriya. Ke nan a watan, La'asar sai inuwa ta wuce ƙafa goma sha biyu. Wanda ya ɗauko lissafin Masar ko Maroko bai gyara ba, zai sa jama'a salla ba kan lokaci ba.

Shi ya sa ilimin ya zama na baki da baki. A zaure almajiri ke karɓar ƙirgen kowane wata daga malaminsa, ya gwada da ƙafarsa, in ya tafi gabas karatu ya gyara. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka warwatsu har Tsibiri, amma wannan agogo ba ya buƙatar jaki, ya bi su.

Yau waya ta karɓe aikin, dattawan da suka iya kuwa suna ƙarewa, wasu rashin tsaro ya raba su da garuruwansu. In akwai irinsu a unguwarku, je ka da alƙalami tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabata.