Rediyo Uku, Yaƙi Ɗaya

Duk wanda ya yi aikin sigina a soja ya san wannan takaici: ga jirgin ruwan yaƙi kana hange da idonka, ga rediyo a hannunka, amma babu halin magana da shi. In muna koyar da sababbin shiga, tarihin Amurka muke ɗaukowa, don su ne suka ji jiki, suka kuma rubuta abin da ya same su.

A Afrilun 1980 aka tattaro sojan ƙasa, na ruwa da na sama don kuɓutar da Amurkawan da aka yi garkuwa da su a Tehran, ba tare da sun yi cikakken atisaye a haɗe ba. A hamadar Iran helikwafta ya yi karo da jirgin C-130, mutum 8 suka mutu. A 1983 kuma, a tsibirin Grenada, sojan ƙasa suka kasa kiran jiragen ruwa su agaza musu da wuta, don rediyoyinsu ba sa jin juna.

Tushen cutar kuɗi ne da iko. Kowace runduna da kasafinta da 'yan kwangilarta, kuma ba mai son a sa masa hannu a akushi. Shi ya sa maganin farko daga majalisar dokokin Amurka ya fito. Dokar Goldwater-Nichols ta 1986 ta ƙarfafa ikon kwamanda ɗaya kan dukan dakarun yankinsa, ta kuma wajabta wa mai neman janar ya taɓa aikin haɗin gwiwa.

Na'urori kam sun ja ƙafa. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, kullum sai an ɗauki jadawalin hare-haren sama daga Riyad a jirgi an kai wa jiragen ruwa, domin kwamfutocinsu ba su dace ba. A 1994 jiragen F-15 biyu suka harbo helikwaftocin Black Hawk biyu na ƙasarsu a arewacin Iraƙi, rayuka 26 suka salwanta.

Yau tsarin sadarwa na Link 16 ne ke haɗa jiragen sama, na ruwa da dakarun ƙasa na NATO, kowa na ganin inda ɗan'uwansa yake. Tsarin ya raba kowace daƙiƙa gida 128, kowace na'ura da lokacinta na magana, sauran su saurara. Nakan ce wa yaranmu: koya wa na'ura jiran layi bai ba mu wuya kamar koya wa janar-janar ba.