Yadda ake kula da kujerun fata na mota a yankuna masu zafi

Da yawa daga cikin motocin kwatano da ake saye a arewacin Najeriya suna zuwa ne da kujerun fata, abin da kan ƙara musu daraja a kasuwa.

To sai dai a wurare irin su Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a arewacin jihar Zamfara, kujerun kan koɗe su tsattsage da wuri, kuma hakan kan karya farashin mota idan an tashi sayar da ita.

Wace irin fata ce?

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin fata. Majema na jima da bagaruwa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, inda ake kiran ta fatar Maroko saboda ta can fatake ke bi da ita.

Amma fatar mota daban take. Akasari ta shanu ce, wadda aka jeme a masana'anta da sinadarai irin su kuromiyom, sannan aka shafe samanta da launi da wani siririn rufi mai kama da roba.

Don haka man kaɗanya ko man gyaɗa, da kan tausasa sirdi ko takalmi, ba ya ratsa ta sosai. Yakan tsaya a sama ne ya riƙa kama ƙura.

Ana iya gane bambancin da ɗigon ruwa: idan ya tsaya bai shige ba, fatar na da rufi.

Me ke lalata ta?

Na farko shi ne rana. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a wannan yanki, cikin motar da aka rufe a rana kuwa kan haura 60. Zafin na busar da fatar, hasken kuma na cin launinta.

Na biyu ita ce ƙura, musamman a lokacin hunturu da kuma a hanyoyin da ba su da kwalta, kamar na ƙauyukan Galadi. Yashin da ya maƙale a ɗinki yakan kankare rufin duk lokacin da aka zauna.

Na uku shi ne gumi da man shafawa da turare, waɗanda ke taruwa a sitiyari da matashin kai. Da damina kuma, laima na haifar da funfuna.

Yaya ake tsabtace ta?

A fara da kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi, a bi ta cikin ɗinki. Goge kujera kafin a cire yashi na ƙara karce ta.

Daga nan a jiƙa tsumman auduga da ruwa mai ɗan sabulu marar kaifi, a matse shi sosai, a goge a hankali. Sai a bi da tsumman ruwa zalla, sannan busasshe, a bar ta ta sha iska a inuwa.

A guji omo da bilic da fetur da kananzir, domin suna cin rufin. Haka nan a gargaɗi masu wankin mota kada su kwarara ruwa a kujera, saboda soson da ke ƙasa kan daɗe bai bushe ba.

Duk wani sabon man gyaran fata, a fara gwada shi a wurin da ido ba ya gani.

Idan ta riga ta tsage fa?

Babu man da ke haɗe tsagewa. Masu ɗinkin kujerun mota a Gusau da Kano kan sauya ɓangaren da ya lalace, kuma aikin ya fi sauƙi idan an kai da wuri.

Kariya mafi arha dai ita ce ajiye mota a inuwa, da rufe gilashin gaba, da kuma goge ƙura a kowane mako.