Tsagar Fenti a Rufin Fijon Mahaifinmu

Fijo 504 da mahaifinmu ya bari, harhaɗar Kaduna, ta daɗe a gindin darbejiya kafin in kai ta gareji. Rufinta ya daddare kamar ƙasan tafki da bazara. Dattijon mai fenti ya sa farce ya ɓamɓaro ɓawo ɗaya, ya nuna mini gefensa: fari, ruwan toka, wani farin, sai fila mai kauri a ƙasa. Ya ce, "Malam, fenti uku ne a jikinta. Ba rana kaɗai ta yi ɓarnar nan ba, har da gaggawa."

Ai da gaggawar sana'ar take kokawa tun asali. Masu fentin mota na farko daga keken doki suka gaji aikin. Da burushi suke shafawa, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa, har mota ta yi makonni a rumfa. Kamfanin Ford ya tsaya kan baƙi kaɗai a motarsa Model T daga 1914 zuwa 1925, don sauƙin aiki da araha. Sai kamfanin DuPont na Amurka, wanda da albarushi ya yi suna, ya fito da fentin Duco daga dangin sinadarin da ake harsashi da shi. Motar Oakland ta 1924, shuɗiya, ita ta fara sanya shi. Feshi ake yi, tina, wato ruwan da ake sirka fentin da shi, ta bi iska, fenti ya bushe cikin sa'o'i. Amma rana tana cin irin wannan fenti, ya ƙandare. Ƙarfe kuwa da zafi yakan buɗe, da sanyi ya tsuke, fentin da ya ƙandare ba ya iya bin sa, sai ya tsage.

Abin da ya fi taɓa mini rai shi ne labarin cike lotsa. A da dalma ake narkawa da wuta, a baje ta da ɗan katako da aka shafa wa kitse. Aiki ne mai cutar da lafiya, ban yi kewarsa ba, amma ba ya karɓar ha'inci. Da filar gwangwani ta bayyana wajen 1955, kowa ya iya. Maimakon a buga ƙarfe ya miƙe, sai a laɓta fila kamar yaɓe, a fesa fenti a kai. Lokacin da aka buɗe masana'antar Fijo (Peugeot) a Kaduna a 1975, garejojinmu suka cika da 404 da 504, wannan sauƙin suka tarar.

Na tambayi dattijon mai fentin, "Baba, ba za a cike tsagar kawai a fesa ba?" Ya girgiza kai. Tsagar ƙasa sai ta biyo sabon fenti, tinar sabon ma tana iya tayar da tsohon. Dole a kankare har ƙarfe.

Kwana tara ya yi a rufin nan. Yana tsoma samfefa a bokitin ruwa yana gogawa, lokaci-lokaci ya rufe ido ya bi wurin da tafin hannu, don hannu yana jin tudun da ido bai gani ba. Ranar feshi da asuba ya zo, ya sa yaronsa ya yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙurar hunturu. Da rana ta ɗaga, na ga ganyen darbejiyar garejin ɗaya-ɗaya a rufin, yadda nake ganinsu ina yaro in an gama wanke motar ranar Juma'a.