Zaɓen Ƙaramar Miksa da Rikodar Kaset Domin Ɗaukar Sauti a Gida

Ɗaukar sauti a gida bisa tsarin analog yana buƙatar na'urori biyu. Ta farko ita ce miksa, wadda ke karɓar sauti daga makirufo da kayan kiɗa, ta ƙara masa ƙarfi, ta daidaita shi, sannan ta haɗa shi wuri guda. Ta biyu ita ce rikoda, wadda ke naɗe sautin a kan zare mai maganaɗisu. Har yanzu kamfanoni suna ƙera sababbin ƙananan miksoci, amma rikodar kirki kusan duk ta hannu ce, wadda ta shekara ashirin ko fiye. Saboda haka da rikoda ake fara ciniki, ita ce kuma ke nuna irin miksar da za a saya.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963. Faɗin zarensa milimita 3.81 ne, yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Rikodar gida ta yau da kullum tana ɗaukar layi biyu, hagu da dama, kuma abin da ya shiga ya shiga ke nan, babu damar ƙara wata murya daga baya. Irin wannan ta wadatar ga mai ɗaukar karatu, ko wa'azi, ko mawaƙi da 'yan amshinsa a zama guda, muddin an daidaita komai a miksa kafin a danna.

A 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fitar da Portastudio 144, wadda ta haɗa miksa da rikoda mai layi huɗu a jiki ɗaya. Da ita Bruce Springsteen na Amurka ya ɗauki kundin waƙoƙinsa Nebraska a ɗakinsa, wanda ya fito a 1982. Daga baya aka samu irin su Tascam 414 da 424, da Fostex X-15, da na Yamaha. Dabararsu ita ce amfani da layukan kaset huɗu gaba ɗaya a fuska ɗaya, ta yadda za a ɗauki kalangu yau, a ɗora murya gobe, a sa amshi jibi. Da yawa daga cikinsu suna ninka gudun zare zuwa santimita 9.5 domin sauti ya ƙara fita, sai dai hakan yana cin kaset: C60 da aka saba samun awa guda a kanta, minti 15 kacal take bayarwa, C90 kuwa minti 22 da rabi. Kuma kaset ɗin da aka ɗauka haka ba ya jiyuwa daidai a rediyon gida, dole sai an sake haɗa layukan an juye su a wata rikoda ko kwamfuta. Masu saye da dama ba sa sanin wannan sai sun kai na'urar gida.

Akwai kuma rikoda mai manyan faifai biyu a waje, irin su Revox A77 da B77, da Akai 4000DS, da Otari MX-5050. Zarenta ya fi faɗi, milimita 6.35, gudunta yakan kai santimita 19 ko 38, kuma sautinta ya fi na kaset nesa ba kusa ba. Amma tana da nauyi da tsadar gyara, kuma faifai mai inci 7 da zare ƙafa 1,200 minti 32 yake ɗauka a gudun santimita 19. Wanda bai san makanikin da zai iya da ita ba, gara ya haƙura.

Lafiyar na'ura ta fi sunanta muhimmanci. Abubuwan da ke fara mutuwa a tsohuwar rikoda su ne bel ɗin roba, wanda yakan saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, da 'yar tayar robar da ke matse zare a jikin sandar ƙarfe mai jansa, da kuma hed ɗin da zare ke gogawa. Idan aka ga hed ya yi kwari inda zare ke bi, to ya cinye, kuma samun madadinsa aiki ne. Bai kamata a biya kuɗi don kawai an ga fitila ta kama ba. Mai saye ya je da kaset ɗinsa da makirufo, ya ɗauki magana a kowane layi daban, ya saurara, sannan ya goge ya tabbatar gogewar ta yi. Sauti mai dogon ja, kamar na sarewa, shi ke tona asirin rikodar da gudunta ke rawa. Ya kuma murɗa kowane maɓalli ya ji ko yana ƙarar tsatsa.

Batun wuta ma yana jawo asara. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, alhali kayan da aka yi wa Amurka na bolt 120 ne da bugu 60, na Japan kuwa bolt 100. Jona irin waɗannan kai tsaye ƙona su ne. Taransifoma mai rage wuta tana magance ƙarfin, amma ba ta sauya bugun, don haka wasu tsofaffin rikodoji masu manyan faifai da injinsu ke bin bugun wuta sukan yi nawa da kashi ɗaya cikin shida. Yawancin rikodojin kaset ba su da wannan matsala. Ana duba rubutun da ke bayan na'ura kafin a yi ciniki.

A ɓangaren miksa, lambar da ke cikin sunanta tana ruɗi. Yamaha MG10XU tana da layi goma, amma makirufo huɗu kawai take ɗauka. Mackie 1202VLZ4 mai layi goma sha biyu ita ma huɗu. Behringer Xenyx 802 kuwa biyu. Sauran kafofin na piyano ne da makamantansa. Abin ƙirgawa shi ne kafofin makirufo masu rami uku, waɗanda ake kira XLR, a gwada su da yawan mutanen da za a ɗauka a lokaci guda. Makirufo irin Shure SM58 ba ya neman wuta, amma na situdiyo mai saurin jin sauti yana buƙatar bolt 48 daga miksa. Yawancin rikodojin kaset masu layi huɗu ba sa ba da wannan wuta, kuma wannan ne babban dalilin haɗa su da miksa ta daban. Wanda makirufonsa bai buƙatar ta, miksar da ke jikin Portastudio za ta iya isarsa, kuɗin miksa ya tafi wajen gyara da kaset.

Kafofin fita sun fi na shiga muhimmanci ga mai rikoda, ko da yake ba su ne ake tallatawa ba. Yawancin ƙananan miksoci hagu da dama kawai suke fitarwa. Wannan ya dace da rikoda mai layi biyu. Mai son ɗaukar layi huɗu daban-daban a lokaci guda yana buƙatar miksa mai ƙarin mafita, ko dai ta kowane layi ko ta rukuni na biyu, kamar wadda aka rubuta wa Alt 3-4 a kan Mackie. A kuma tabbatar akwai kafar da sauti zai dawo daga rikoda domin saurare. Wani abin lura shi ne babbar mafitar miksa takan fi ƙarfin rikodar gida, sauti ya riƙa fashewa. Mafitar da aka rubuta wa Tape Out ko Rec Out ita aka tanada domin wannan, in miksar tana da ita.

Kaset kansa yana cikin lissafi. An saita yawancin rikodoji masu layi huɗu a kan kaset nau'i na biyu, irin su TDK SA da Maxell XLII, waɗanda aka daina yi, sai dai tsohon ajiya. Nau'i na ɗaya ya fi samuwa, yana kuma aiki, amma hucinsa ya fi yawa kuma sirarin sauti ba sa fita daidai. C120 zarenta siriri ne ƙwarai, rikoda tana yawan tauna ta.

Ƙurar hunturu tana cin hed kamar sanfefa, zafi yana kashe roba, laimar damina kuma tana sa zare ya yi fumfuna. Ana rufe na'ura da ƙyalle bayan aiki, a goge hed da auduga da sinadarin isopropyl bayan kimanin awa goma na amfani, a ajiye kaset a tsaye cikin kwalinsa nesa da lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta yana iya raunana abin da aka ɗauka. Inda ake aiki da janareto, a jona miksa da rikoda a soket ɗaya ta bayan sitabilaiza, wanda hakan kan rage gurnanin da ke bin waya ya shiga sauti.