Unguwannin Baƙi a Birnin Kano

Sunayen unguwannin Kano kaɗai sun isa shaida cewa baƙi ne suka taya gina birnin. Ayagi ta Yarabawa ce, Tudun Nufawa ta Nufawa, Zangon Barebari ta mutanen Barno, Dandalin Turawa kuwa ta Larabawan Tarabulus da Gadamas. Kowa ya sauka cikin danginsa, amma kasuwar Kurmi da auratayya suka haɗa su, har jikokinsu suka zama Kanawa. Ashe zaman unguwa daban ba ya hana cuɗanya.

Sabon Gari, wadda aka kafa wajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, ba ta samu wannan rabo ba. Wani zai ce addini ne sanadi, tunda baƙin farko Musulmi ne, na Sabon Gari kuwa galibinsu Kirista. Akwai gaskiya a nan, sai dai Turawan mulki ne suka ajiye unguwar bayan ganuwa, suka cire ta daga ikon Sarki shekara da shekaru, da kotunta daban. Wanda doka ta raba da maƙwabcinsa tun ranar saukarsa, yaushe zai zama ɗan gari?